Jar Fitilar da Armaya'u Ya Zaɓo

Shafi na 14

Masu aiko mini saƙo wai na yi shiru, ga ni. Gero nake shigarwa, kuma ni har yau ba na bari wani ya ɗaure mini dami. Wanda ya shigo yau ma ya samu wuri ya zauna, ba zai ɓace ba.

Ranar da Bushira ta zo daga Safana, kwana goma sha ɗaya ke nan rabon mahaifinta Armaya'u da ya ci abinci ya ƙoshi.

Armaya'u fa ba ɓoyayye ba ne a Batsari. Kwana arba'in da biyu ya yi a hannun 'yan bindiga cikin dajin Ruma, ya fito da harsashi a cinya, kuma babu wanda ya zauna majalisar gindin bedi sau biyu bai ji labarin sau uku ba. Amma kwana huɗu ke nan ba a gan shi a majalisa ba. Ya aika a ce mura yake yi.

Ba mura ba ce. Abin da ke cin sa yana cikin ɗaki, naɗe da tsumman atamfa. Ƙafar hagu ce ta matarsa Kulu.

Da hantsi yana zaune a zaure ya ji tsayawar mashin, ya ji sallamar ɗiyarsa. Kafin ta biya ɗan acaba ya riga ya faɗa cikin gida, ya zare wata jar fitila daga jikin wayar wutar sola, ya cusa ta cikin kwalinta, ya tura kwalin bayan buhunan gero. Ya dawo ya zauna yana jan carbi kamar wanda tun asuba yake wurin.

Bushira ta durƙusa ta gaishe shi. Ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi cinyar, ta tambayi kaka. Shi kuma ya tambayi maigidanta da yara da mutanen Safana, yana kiran ta Uwata kamar kullum, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Sannan ta tambayi abin da yake tsoro.

"Baba, ya fitilar Inna? Ana samun sauƙi?"

"Fitila tana aiki kamar me," in ji shi. "Ai ni na zaɓo."

Bai yi niyyar faɗin haka ba. Bakinsa ne ya saba, ya riga shi fita.

Ga yadda abin ya faro, don wanda bai ji ba.

Bushira ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Safana, ita ke allura, ita ke wanke ciwo. Kulu kuwa shekara takwas tana fama da ciwon suga, ga gwiwoyi da ke hana ta ruku'u. Wata abokiyar aikin Bushira ta saya wa tsohuwarta wata 'yar fitila mai jan haske da ake haska wa gaɓa, tsohuwar ta ce tana jin dama. Bushira ta bincika ta samu mai sauƙin kuɗi, ta tura hotonta a wayar Nazifi mai kayan wuta na bakin kasuwa, ta ce ya samo. Sannan ta kira mahaifinta ta yi masa bayani dalla-dalla. Ba maganin suga ba ce, kada a bar shan ƙwaya. A gwiwa za a haska, minti goma, a bar tazarar tafin hannu. Kada a kalli cikinta, kada ta kusanci buɗaɗɗen ciwo. Ta maimaita masa har sau biyu cewa haske ne ke aikin, ita ba ta zafi.

Ranar kasuwa Armaya'u ya je karɓowa. Shagon cike da mutane. Nazifi ya fito da abar, 'yar mitsitsiya kamar sabulun wanka, da ƙananan idanu jajaye, wai caji ake mata kamar waya. Armaya'u ya kunna ya kanga a damtsensa. Ya jira. Ya ƙara jira. Sanyi ƙalau.

A daidai lokacin Nazifi ya gwada wa wani mai gidan kaji wata fitilar, ƙaton jan ƙwan lantarki cikin hular ƙarfe kamar kwanon sha. Daga inda Armaya'u yake tsaye ɗuminta ya doke shi a fuska. Ya tambaya, ashe ma ta fi waccan araha.

"Baba, wannan ta 'yan tsaki ce," in ji Nazifi. "Ga hotonsu ma a kwali. Ba ita Anti Bushira ta ce ba."

Da a ce su biyu ne a shagon, wataƙila da ya ji. Amma akwai kunnuwa wajen goma, kuma Armaya'u bai taɓa ganin kunnuwa goma ya wuce su ba. Ya gyara tsayuwa ya yi musu karatu. Ya ce ciwon gaɓa sanyi ne, sanyi kuwa wuta kaɗai yake tsoro. Ya ce uwarsa haihuwa tara ta yi, kowacce a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, ta mutu tana tafiya da ƙafarta. Ya ce ramin harsashin da ke cinyarsa da kansa ya ƙona shi da bakin wuƙa a daji, babu likita babu ɗan likita. Ya ɗaga 'yar ƙaramar da yatsa biyu ya ce wannan ko ƙuda ba za ta kora ba.

"Ɗan tsako da bai da ƙashi ya jure ta, bare Kulu?"

Shago ya ɗauki dariya. Daga nan kuma ba komawa baya. Nazifi har bakin ƙofa ya biyo shi yana cewa to don Allah a nisanta ta, kamu biyu ko fi. Armaya'u ya ce masa ya koma ya ji da masu sayen batir.

Ku da kuka zage shi a ƙarƙashin shafin da ya wuce, ku yi a hankali. Mutumin da dabararsa ta fid da shi daga inda ƙarti suka mutu, ba kowane yaro ke gaya masa magana ta shiga ba. Ni na san wannan. Ban ce ya yi daidai ba.

Sati biyun farko lafiya lau. Da rana tsaka in batirin sola ya cika, sai ya shimfiɗa wa Kulu tabarma a rumfa, ya ɗora ƙafarta a cinyarsa, ya riƙe fitilar saitin gwiwa. In zafi ya yi yawa ta janye ta ce, Malam gasa ni za ka yi ka ci? Shi kuma ya ce ai naman ya tsufa, sai dai a ba almajirai. Su yi dariya.

Sai wata rana ta ce masa ƙafafun daga idon sawu zuwa ƙasa kamar ba nata ba, kamar auduga take takawa. Ya ce to sanyin ne ya gudo ƙasa, za a bi shi har can. Ya ɗora ƙafar hagun a kan kujera 'yar tsugunno, ya rataye fitilar a jikin tabarya da ya gicciye, ya tambaye ta ko da zafi. Ta ce ba ta ji komai ba. Ya matso da ita. Ta ce har yanzu. Ya ƙara matsowa, har hular ƙarfen ta kusa taɓa fata. A lissafinsa, rashin jin nan shi ne shaidar sanyin ya yi nisa. Bai san suga ne ya kashe mata jin ƙafar ba.

Aka kira azahar. Ya ce ta zauna haka, yanzu zai dawo. Da aka sallame wani baƙo daga Yasore ya ce ya ji ana labarin wani da ya kuɓuto daga daji, ko shi ne? Armaya'u ya zauna.

Ya dawo ya tarar da Kulu ta jingina da bango tana gyangyaɗi, bayan ƙafarta ya tashi bororo kamar ƙwan agwagwa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma ya huda bororon da allura, ya shafa man kaɗanya, ya barbaɗa garin bagaruwa. Da ya ga yana ruwa, sai ya ce bari a busar da shi. Da me? Da fitilar nan dai. Kwana uku yana yi. Duk lokacin da Bushira ta kira waya sai ya ce Inna na barci, ko tana bayi, kuma jiki alhamdu lillahi. A kwana na bakwai wari ya fara.

To, mu koma zaure.

Bushira ta shiga ciki, shi yana biye da ita kamar wanda ake ja da igiya. Ɗakin ya turnuƙe da turaren wuta. Kulu na kan gado ta rufe ƙafa da zane, tana murmushi da yawa. Suka gaisa. Bushira ta ajiye jaka, ta tsaya, ta ɗan ɗaga hanci. Mai wanke ciwo shekara goma ba a ɓoye mata wannan da turare.

"Inna, buɗe ƙafar."

Kulu ta ce ba komai ba ne, garwashi ne ya faɗo mata daga murhu shekaranjiya, ita ma ba ta ankara ba. Ta faɗe shi sumul, ko kallon mijinta ba ta yi ba. Ba su shirya wannan maganar ba. Armaya'u ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji.

Bushira ta sa safar hannu ta warware tsumman a hankali, tana jiƙa inda ya manne. Da ta kai ƙarshe ta ajiye tsumman gefe. Ciwon ya kai faɗin murfin kofi. Tsakiyarsa baƙi, gefensa ja, ƙafar ta kumbura tana sheƙi.

Ta tambayi me aka sa. Kulu ta ce man kaɗanya da bagaruwa. Bushira ta danna gefe da yatsa, ta taɓa goshin uwar, ta daɗe tana kallon baƙin nan. Sannan ta juyo ta yi magana a natse, yadda kowa zai gane. Ta ce bagaruwa na rina ciwo ya yi baƙi. In da gaske shekaranjiya ne, to rini ne, za ta wanke ta ɗaure ta bar magani, ta dawo bayan kwana uku. In kuwa ciwon ya haura sati, to ba rini ba ne, naman ne ya mutu, kuma yau ɗin nan sai Katsina. In aka kwana, ba ta ɗauki alkawarin ƙafar ba.

"Shekaranjiya ne," in ji Kulu.

"Inna ke kina tsoron asibiti, na san ki. Baba, kai ne ba ka ɓoye-ɓoye. Kwana nawa?"

Armaya'u ya kalli ƙafar. Ya kalli bango. Ya ga majalisar gindin bedi, ya ga shagon Nazifi da kunnuwa goman nan, ya ji yadda labarin zai zaga kasuwa kafin la'asar, cewa gwanin daji ya gasa matarsa da fitilar kaji.

"Yadda ta faɗa," in ji shi.

Bushira ta sauke ajiyar zuciya ta ce to alhamdu lillahi. Wannan godiyar ta fi zagi yi masa ciwo.

Ta dafa ruwa ta sa gishiri ta hau wanki. Tana yi tana yi wa uwar faɗa a kan zama kusa da murhu ba takalmi. Can ta ce Baba ya kawo fitilar ta gani, don tun da aka saya ba ta gan ta ba, ta kuma nuna musu kada haskenta ya zo kusa da ciwon. Ya ce ya ara wa wani abokinsa mai ciwon baya. Ta yi dariya ta ce Baba ya zama likitan unguwa ke nan.

Ya fita tsakar gida.

Ya tsuguna gindin turmi. Akwai wani yanki na labarin daji da majalisa ba ta taɓa ji ba. Gaskiya ne ya kuɓuto da dabararsa, wannan babu mai ƙwace masa. Amma a bakin gonakin ƙauyensu ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗi. Ƙauyen ya watse, kowa ya gudu Batsari, Kulu kaɗai ta ƙi tafiya, wai in ya dawo wa zai tarar. Ita ta tsince shi. Ita ta saƙala hannunsa a wuyanta ta ja shi yini guda cur har bakin titi, babu takalmi, ƙaya tana shiga tana ƙin tsayawa ta cire. A majalisa yakan ce da ƙafarsa ya iso. Da ƙafarta ya iso. Kuma ko sau ɗaya ba ta gyara masa labarin ba.

Yana nan tsugune har Bushira ta fito tana cire safar hannu. Ta ce ta ɗaure, ga ƙwayoyi nan ta nuna wa Inna yadda za ta sha. Ta ce baƙin bai fita duka ba, amma bagaruwa haka take da naci. Za ta koma yanzu don tana da aikin yamma, kuma ba ta son la'asar ta same ta a hanya. Ta rataya jaka. Ta durƙusa ta yi masa sallama.

Ya raka ta zaure. Ta leƙa waje ta ɗaga wa wani ɗan acaba hannu. Mashin ya juyo.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Sallame shi."

Ta dube shi, ta ce wa ɗan acaban ya yi haƙuri. Armaya'u ya shiga ɗakin hatsi, ya ture buhu, ya jawo kwalin. Ya kawo ya ajiye a gabanta a ƙasan zaure, ya juyo da gefen hoton wajenta. 'Yan tsaki shida rawaya, sun taru ƙarƙashin jan haske.

Bushira ta kalli hoton. Ta buɗe kwalin ta ciro fitilar, ta juya ta, ta karanta rubutun da ke jikin ƙwan. Ta mayar a hankali kamar abin da zai fashe.

"Wannan ce?"

"Ita ce."

"Ba garwashi ba ne."

"Ba garwashi ba ne. Na rataye mata na tafi masallaci. Na tsaya surutu."

"Kwana nawa?"

"Goma sha ɗaya yau."

Ta dafa bango. Ya ɗauka za ta yi kuka ko ta ɗaga murya, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ci gaba da tambaya da muryar da take yi wa baƙin marasa lafiya, shi kuma yana amsawa kansa a ƙasa. Ya faɗi allurar. Ya faɗi kwana ukun da ya ƙara yana gasawa. Da ta ji wannan ta rufe ido.

"Nazifi bai gaya maka ta kaji ce ba?"

"Ya gaya mini."

"Ni ban ce maka ba ta zafi ba?"

"Kin ce."

"To me ya sa, Baba?"



"Mutane na wurin," in ji shi.

Ta rufe kwalin. Sannan ta ce ɗazu a ɗaki ai babu mutane, su uku ne, kuma ya bar ta ta ɗaure mataccen nama da bandeji ta ce alhamdu lillahi. Ta ce da mashin ɗin nan ya tashi da ita, ranar da za ta dawo ba ƙafa za a yi magana ba. Ba ta ƙara komai a kai ba. Ta wuce shi ta koma ciki da sauri.

Ta warware ɗaurin da ta yi yanzu-yanzu. Ta ciro biro a jaka ta zana layi a fatar Kulu, ta bi iyakar jan ta zagaye, ɗan sama da idon sawu. Ta ce a bar shi a buɗe, kada a taɓa. Likitocin Katsina za su so su san ko jan yana hawa, da saurin da yake hawa. In ya tsaya a layin, akwai fata. Ta ce za ta tasha ta nemo motar da za ta ɗauke su su kaɗai, don Inna ba za ta iya cunkoso ba, kuma za ta biya ta kira wadda za ta riƙe mata aiki. Kulu ta fara cewa ita fa babu inda za ta. Bushira ta ce Inna ta yi wannan maganar da mijinta. Ta fita.

Ɗaki ya rage su biyu.

Armaya'u ya tsaya bakin ƙofa ya rasa inda zai sa kansa. Kulu ta ce ya zo ya zauna, tsayuwar me yake kamar ɗan aike. Ya zauna bakin gado. Ta ɗago ƙafar da hannu biyu ta ɗora masa a cinya, yadda suka saba a rumfa.

"Da ka yi shiru," in ji ta. "Ai na rufe maka."

Ya ce ta yafe masa. Ya fara ba ta labarin shagon Nazifi, yana so ya faɗa mata wace irin fitila ce, don a zatonsa har yanzu ba ta sani ba. Ta katse shi. Ta ce idonta ya yi yana amma ba makauniya ba ce. Tun ranar da ya kawo, da ya tafi sallar la'asar, ta ɗauki kwalin ta kai shi kusa da hancinta. Ta ce ita da ta shekara arba'in tana kiwon kaji, ɗan tsako ne ba za ta gane ba?

"Kin sani, kika bar ni?"

"Na bar ka."

"Don me, Kulu?"

Ta gyara ɗankwalinta, ta kalli wani wuri can gefen tagar.

"Shekara arba'in da ɗaya, Malam. Na haihu, na yi ɓari, na yi zazzaɓin da aka fid da rai. Ban taɓa ganin ka bar majalisa ka zauna ka riƙe ƙafata ba sai da abin nan ya shigo gidan. In na ce ta kaji ce, ka mayar, ka koma gindin bedi."

Armaya'u, da 'yan bindiga suka ɗaure kwana arba'in da biyu bai zubar musu da hawaye ba, ya juya fuska wajen bango.

Suka zauna haka. Aka kira azahar, ya yi tasa a nan ƙasan ɗakin, ya dawo ya sake ɗaukar ƙafar. Rana ta karkata kaɗan. Motar shata ba ta samuwa da wuri in ba ranar kasuwa ba, direbobi kuma ba sa son hanyar Katsina in yamma ta kawo kai. Jikin Kulu ya ƙara zafi, yana jin sa ta cikin wandonsa. Ta lumshe ido har ya ɗauka barci ne, sai ta yi magana a hakan.

"Malam, ni ba na hango shi. Jan nan, ya tsaya a zanen?"

Ya sunkuya ya duba. Ya goge idonsa ya sake dubawa. Layin biron yana nan shuɗi. Jan yana samansa.

Bakin nan nasa da ya saba ya riga ya haɗa amsa mai daɗi, tana kan harshensa. Ya haɗiye ta.

"Ya tsallake, Kulu. Da faɗin yatsa biyu."

Ta gyaɗa kai kamar dama ta sani. Daga waje aka ji tsayawar mota, aka ji muryar Bushira tana cewa direba ya matso da baya kusa da ƙofa. Armaya'u ya yunƙura zai kira ta ta zo ta gani. Kulu ta damƙe wuyan hannunsa, damƙar da bai san tana da sauran ƙarfinta ba.

Ta ce ya tsaya. Ta ce ta san yadda ake yi a can, ta gani lokacin jinyar yayarta. Ba sa yanke ƙafa sai an kawo takarda maigida ya dangwala yatsa. Ba Bushira za su ba, shi za su ba.

"Ban taɓa roƙon ka komai ba, Malam, kuma ka san kai ka ja mini. Zan shiga motar. Amma da ƙafata biyu na zo duniya, da su za a sa ni a rami. Ka rantse mini yanzu, kafin ta shigo, ko me suka ce maka ba za ka dangwala ba."

Takun Bushira ya baro zaure, ya shigo tsakar gida.

"Ka rantse," in ji Kulu.